Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gano Salsalar Dangin Karfasa Daga DNA

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga kifi, musamman babban iyalin nan da masana ke kira sikilid, wanda karfasarmu take cikinsa. Masu kiwo sun rubuto, ɗalibai ma sun rubuto, kuma yawancin tambayoyin a kan abu ɗaya suke: ta yaya ake karanta DNA har a ce wannan kifi ɗan'uwan wancan ne, kuma me ke ɓata aikin?

Daga wani mai kiwon kifi a Yawuri: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatun kimiyya ya ce mini wai karfasar da nake kiwo da ƙananan kifayen nan masu shuɗi da rawaya da ake zubawa cikin gilashi don ado, duk dangi ɗaya ne. Ta yaya aka san haka, alhali ko kama ba su yi ba?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya yi gaskiya, in dai irin na tafkin Malawi yake nufi. Kana iya ganin shaidar farko da idonka. Ɗauki karfasa ɗaya ka dubi hancinta: ƙofa ɗaya ce a kowane gefe, alhali yawancin kifaye biyu-biyu gare su. Layin nan da ke bin gefen jikinta ya katse gida biyu, na sama da na ƙasa. In ka buɗe can cikin maƙogwaro, za ka tarar da wani muƙamuƙi na biyu mai ƙananan haƙora. Waɗancan kifayen adon duk suna da waɗannan alamomi. Iyalin yana da jinsi fiye da 1,700 da aka riga aka raɗa wa suna, kuma ya kasu rassa huɗu: ɗaya a Indiya da Madagaska, ɗaya a Madagaska kaɗai, ɗaya a nahiyar Amurka, ɗaya kuma a Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Amma siffa tana yaudara, don kama da wane ba ta wane. A tafkin Tanganyika akwai kifi mai kaurin leɓe, a tafkin Malawi ma akwai. Akwai mai ƙusumbi a goshi nan, akwai can. Akwai mai kankare gansakuka a kan dutse a kowannensu. Duk wanda ya gan su zai ce 'yan gida ɗaya ne. A 1993 Thomas Kocher da abokan aikinsa suka gwada DNA ɗinsu, sai ga shi kifayen Malawi, duk da bambancin siffarsu, sun fi kusa da junansu a kan 'yan kamanninsu na Tanganyika. Irin abinci ɗaya da irin muhalli ɗaya ne suka ƙera su kama ɗaya.

Ga yadda DNA ke fayyace gaskiya. Ka ɗauka wani malami ya rubuta littafi, almajirai suka yi ta kwafa da hannu, wannan daga wancan, shekara da shekaru. Wani ya tsallake harafi a shafi na goma. Duk wanda ya kwafa daga hannunsa zai gaji wannan kuskuren, ya kuma ƙara nasa. Ranar da ka tara kwafi talatin, kurakuran da suka yi tarayya a kai za su nuna maka wanne ya fito daga wanne. DNA rubutu ne mai haruffa huɗu, A da C da G da T, kuma na karfasa ya kai haruffa kusan biliyan ɗaya, a cikin ƙunshi 22 da kifi ke gada daga uwa da 22 daga uba. Sauye-sauyen da jinsi biyu suka yi tarayya a kai, ba kowa ke da su ba, su ne shaidar kaka ɗaya. Zanen da ake fitarwa daga wannan lissafi shi muke kira bishiyar salsala.

Daga wata ɗalibar digiri na biyu a Maiduguri: Na kwaso samfurin karfasa daga hannun masunta, na zuba a sifirit na kemis. Da na fitar da DNA na zuba a jel ɗin da ake ware gutsattsarinsa bisa tsawo, sai na ga dishi-dishi kawai a ƙasa, babu layi. PCR, wato aikin ninka DNA ya yi yawa, shi ma ya ƙi. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi in na koma?

'Yar'uwa, dishi-dishin nan DNA ne da ya farfashe, kuma tun a bakin ruwa aikin ya lalace. Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta. Abu biyu muke zargi: kifin ya jima da mutuwa cikin zafi kafin ki yanka, ko kuma sifirit ɗin. Na kemis yawanci ruwa ya yi masa yawa, an kuma gauraya shi da wasu sinadarai. Abin da ake so shi ne etanol na ɗakin gwaji mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Fomalin kuwa kada ya kusanci naman da za a ciri DNA daga gare shi, domin yana ɗaure DNA da furotin ya kuma kakkarya shi.

In kin koma, ki je tun da asuba ki tari kwale-kwale, ki zaɓi kifi mai rai ko wanda bai jima da mutuwa ba. Ki kwantar da shi kansa na duban hagu, ki baza fiffikensa na baya da na wutsiya, ki ajiye rula da lambar samfurin a gefensa, ki ɗauki hoto nan take, don launin karfasa yana dushewa cikin mintuna kaɗan. Sannan ki juya shi ki yanki ɗan fiffike daga ɓangaren dama, kamar rabin santimita, bai wuce girman ƙwayar shinkafa biyu ba. Ɓangaren hagu ana barinsa cikakke saboda awo da ƙirga. Ki jefa yankin cikin 'yar kwalbar roba mai cin mililita 2, etanol ya ninka naman sau goma aƙalla. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: sai su cusa tsoka mai yawa don gudun kada ta yi kaɗan, ruwan jikin tsokar ya tsinka etanol ɗin, tsakiyarta ta ruɓe. Bayan awa 24 ki tsiyaye etanol ɗin ki zuba sabo.

Lambar samfuri da fensir ake rubuta ta a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, saboda etanol yana wanke tawadar biro da maka. Tsakanin kifi da kifi ki tsoma almakashi cikin ruwan bilic, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki goge. Etanol kaɗai ba ya kashe DNA ɗin kifin da ya gabata, hasali ma adana shi yake yi. Ki rubuta ranar, da sunan wurin, da lambobin GPS, ki kuma tambayi masuncin ainihin inda ya jefa koma, don kifin kasuwa kan yi tafiya mai nisa kafin ya iso teburi. Don bishiyar salsala, kifi 5 zuwa 10 na kowane jinsi a kowane wuri sun wadatar. In kwatanta al'ummomin jinsi ɗaya za ki yi, ki nemi 20 zuwa 30. Shi kuwa gangar jikin kifin, ki ajiye biyu ko uku daga kowane jinsi a fomalin mai kashi 10, bayan mako guda ki wanke ki mayar cikin etanol mai kashi 70. Su ne shaidarki ranar da wani ya ce ba wannan jinsin ba ne.

Kwalaben su zauna a inuwa cikin kula, in kin isa gida su shiga firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. In wuta ba ta tsayawa, akwai haɗin da ke jure zafi: DMSO kashi 20 cikin ɗari, da EDTA mai ƙarfin mola 0.25, a zuba gishiri har ya daina narkewa, a daidaita pH a kan 8. A ɗakin gwaji, ki bar naman ya sha iska etanol ya bushe sarai kafin ki narkar da shi da furotinas K, sinadarin da ke narkar da furotin, a digiri 56, don ragowar etanol tana hana shi aiki. DNA mai kyau yana ba da layi ɗaya mai kauri can sama a jel mai kashi 1, awon tsabtarsa na 260 bisa 280 kuma ya tsaya wajen 1.8.

Daga wani ɗalibi mai bincike a kan kifayen Kainji: Na karanta ƙwayar gado ta COI daga karfasa goma da na tabbata Oreochromis niloticus ne. Da na zana bishiya, sai suka bar 'yan'uwansu na kogin Nilu suka koma gefen Oreochromis aureus. Malamina ya ce na gauraya samfuri. Ni kuma na san ban gauraya ba.

Ɗan'uwa, kafin a ɗora maka laifi ko a wanke ka, ka duba abu uku. Na farko, hotunan kifayen. Wutsiyar niloticus tana da zane-zane baƙaƙe a tsaye, a jere reras tun daga gindinta har baki. Ta aureus ba ta da wannan tsararren zanen, sai dai ja-ja a gefenta. Na biyu, kwalbar PCR da ka sa wa ruwa zalla maimakon DNA: in ta ba da layi, to akwai gurɓata, sai a sake daga farko da sababbin sinadarai. Na uku, jerin haruffan da ka sauko da su daga GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, don kwatantawa. Akwai karfasa da yawa a rumbun nan da aka sa wa sunan da ba nasu ba, wasu kuma daga gonakin kifi aka ɗebo su, inda jinsuna suka daɗe da cakuɗuwa. Ka zaɓi waɗanda aka faɗi inda aka kama su, aka kuma ajiye gangar jikinsu a gidan adana samfuri.

In duk wannan ya fita lafiya, to ba kuskure ka yi ba, wani sanannen abu ka sake ganowa. A 2003 Rognon da Guyomard suka nuna cewa niloticus na Afirka ta Yamma suna ɗauke da DNA na maitokondiriya irin na aureus, alhali sauran gadonsu na niloticus ne sak. COI a cikin maitokondiriya take, wato 'yan injinan da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi, kuma suna da nasu ɗan guntun DNA mai haruffa kusan 16,500, wanda daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ka ɗauka a wani zamani macen aureus ta haihu da namijin niloticus. 'Yarta ta haihu da wani niloticus, jikarta ma haka. Kowane zubi rabon aureus a babban kundin gado yana raguwa da rabi: kashi 50, sai 25, sai 12.5, bayan zubi goma ya koma ƙasa da ɗaya cikin dubu. Amma maitokondiriyar kakar nan tana nan ɗungurungum, ko harafi ba ta rage ba. Kifin niloticus ne a jiki da kusan dukan gadonsa, tambarin tsatson uwa kawai ya rage na aureus.

Abin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe ke nan: bishiyar da ka zana daga ƙwayar gado ɗaya tarihin wannan ƙwayar ce, ba lalle ta zama tarihin kifin ba. Kuma ƙara ND2 ko saitokurom b a kan COI ba ya magance komai, tunda duk a zare ɗaya suke, tare ake gadonsu, shaida ɗaya ce ta maimaita magana sau uku. Sai ka nemo shaidu daga cibiyar ƙwayar halitta, inda uwa da uba suke da rabo daidai. In kuɗi kaɗan ne, ka ƙara ƙwayoyin gado uku ko huɗu na cibiya, irin su ɓangaren farko na S7. In da hali, ka tafi ga hanyar RAD mai karanta dubban gutsattsari daga ko'ina cikin kundin. Kuma ka rubuta saɓanin a rahotonka yadda ya fito, domin shi kansa sakamako ne.

Daga wani malamin kwalejin ilimi a Katsina: Kamfanin da ya karanta mana DNA ya turo fayiloli. Daga nan sai me? Kuma lambobin da ke kan rassan bishiya, me suke nufi?

Malam, abin farko shi ne a buɗe kowane fayil a dubi tsaunukan launi huɗu da injin ya zana. Haruffa 30 zuwa 50 na farko da na ƙarshe yawanci hayaniya ce, a datse su. A haɗa karatun gaba da na baya su gaskata juna. In COI ce da firaimomin FishF1 da FishR1, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR inda zai fara kwafa, abin da zai rage ya kai haruffa 650 ko kusa. Inda aka ga tsauni biyu sun hau kan juna a maitokondiriya, to ko dai gurɓata ce ko wani kwafin bogi da ya ɓuya a cibiya. Hanyar kama shi ita ce a juya jerin zuwa furotin da tsarin maitokondiriyar masu ƙashin baya. In alamar tsayawa ta bayyana a tsakiya, a jefar da shi.

Sai daidaita sahu: a jera haruffan dukan kifayen layi bisa layi, kowane gurbi ya fuskanci takwaransa. Manhajar MAFFT tana yin wannan cikin daƙiƙu, amma a bi da ido. Jeri ɗaya da aka shigar a juye, ko giɓin harafi ɗaya a ƙwayar da ke gina furotin, ya isa ya haifar da dogon reshe na ƙarya.

Dole kuma a sa bare a cikin jerin, wato kifin da aka tabbata yana wajen rukunin da ake bincike, don shi ke nuna inda saiwar bishiya take. A zaɓi na kusa. Mai binciken Oreochromis ya ɗauki Coptodon zillii, ko ma ya haɗa da wani na biyu. In aka ɗauko tarwada, nisan ya yi yawa, gurabe da dama sun sauya sun sake sauyawa har shaidar ta goge, sai baren ya jawo duk wani reshe mai tsawo zuwa gindin bishiya ko da ba wurinsa ba ne.

Ba a iya gwada dukan bishiyoyi: jinsi 10 kacal suna iya tsaruwa hanyoyi 34,459,425 in da saiwa. Saboda haka manhajoji irin IQ-TREE da RAxML laluben wadda ta fi dacewa da haruffan suke yi, bisa wani tsarin lissafi na yadda haruffa ke sauyawa. A ta fi saurin komawa G a kan ta koma C, misali. IQ-TREE yana zaɓar tsarin da kansa in an umarce shi.

Lambobin kan rassa kuwa, gwajin butsitiraf ne da Joseph Felsenstein ya kawo a 1985. Ana sake ɗibar guraben sahun da ka, wani ya fito sau biyu wani bai fito ba, a sake zana bishiya, a maimaita sau 1,000. Lambar ita ce sau nawa cikin ɗari reshen ya dawo. A tsohon salo ana fara yarda daga 70. A salon gaggawa na IQ-TREE sai daga 95, kuma kuskure ne a auna wannan da ma'aunin wancan. Mai amfani da manhajar MrBayes ya bar zagaye biyu su yi ta gudu har bambancinsu ya sauka ƙasa da 0.01, ya zubar da rubu'in farko. Reshe mai lamba ƙasa da 70 ɗin ko 95 ɗin a rushe shi a bar rassan a tattare, ya fi gaskiya. Ita kuma 100 ba rantsuwa ba ce. Tana cewa ne haruffan da aka ba manhajar sun yarda da juna. Bishiyar ɗalibin Kainji da ke sama za ta iya ba da 100 cif.

Daga wata malamar bayoloji a Damagaram: Na karanta cewa tafkin Biktoriya yana da jinsin sikilid kusan 500 kuma an kasa zana musu bishiya ɗaya. In DNA yana da ƙarfi haka, me ya hana?

Malama, ƙuruciyarsu ce ta hana. Lakar da aka haƙo daga ƙasan tafkin ta nuna cewa ya ƙafe ƙaf kimanin shekaru 15,000 da suka wuce, ke nan yawancin jinsunan bayan dawowar ruwa suka rarrabu. A 1990 Axel Meyer da abokansa suka karanta haruffa 803 na maitokondiriya daga jinsi 14 na tafkin, suka tarar kusan babu bambanci. Hakan ya nuna tushensu na kusa ne, amma bai iya cewa wane ne yayan wane ba. Sai a 2013, da hanyar RAD, Catherine Wagner da abokan aikinta suka iya ware jinsi 16 kowanne a reshensa.

Matsala biyu ce ke haɗuwa a nan. Ta farko, gadon da bai gama rabuwa ba. Kakan yana da nau'i biyu na wata ƙwayar gado, jinsuna uku suka fita daga gare shi a gurguje, kowanne ya tafi da duka nau'o'in, daga baya kowanne ya yar da ɗaya bisa sa'a. Sai na farko da na uku su dace da nau'i ɗaya, alhali na farko da na biyu ne suka fi kusa. Maganin wannan shi ne a zana bishiya ga kowace ƙwaya daban, ɗaruruwa ko dubbai, a miƙa wa manhaja irin ASTRAL da aka gina da sanin wannan saɓani. In aka haɗe ƙwayoyin duka a zare ɗaya, ana iya samun bishiyar da ba daidai ba da lambobi masu kyau.

Ta biyu, auratayya tsakanin jinsuna. Ana bambanta ta da ta farko da gwajin ABBA-BABA, wanda ya yi suna a binciken Niyandatal, wani jinsin mutanen da da ya ƙare, a 2010. Ana ɗaukar kifi huɗu: 'yan'uwa biyu, da na uku, da bare. A ƙirga guraben da na farko ya dace da na uku, da waɗanda na biyu ya dace da na uku. In sa'a ce kawai, adadin biyu za su yi kunnen doki. In ɗaya ya rinjaya ƙwarai, har ma'aunin Z mai auna ƙarfin rinjayen ya haura 3, to gado ya ƙetara. Manhajar Dsuite tana yin wannan ga dukan rukunoni a tashi ɗaya.

Da irin wannan gwajin Joana Meier da Ole Seehausen da abokansu suka nuna a 2017 cewa kifayen yankin Biktoriya ruwa biyu ne: wata zuriya daga kogin Kwango da wata daga saman kogin Nilu suka haɗu, wajen shekaru 150,000 da suka wuce. Cakuɗuwar ta tara musu bambancin gado mai yawa, har da nau'o'in ƙwayar da ke sarrafa ganin jan haske, abin da ke raba masu zama a ruwa mai zurfi da na sama-sama. A Malawi ma, Milan Malinsky da abokansa sun karanta cikakken kundin kifi 134 daga jinsi 73 a 2018, suka ga bambancin jinsi da jinsi bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.25 cikin ɗari ba, kuma babu bishiya guda da ta ɗauke dukan labarin. Tarihinsu ya fi kama da komar kamun kifi a kan bishiya. Abin baƙin ciki, giwan ruwa da aka zuba a Biktoriya a shekarun 1950 ya yawaita a shekarun 1980, jinsi wajen 200 suka ɓace, da yawansu ba a taɓa yankar ko ɗan fiffikensu ba.

Daga wani ɗan kasuwa a Garwa, Kamaru: An ce akwai wani ƙaramin tafki a ƙasarmu da masana kifi ke ji da shi. Wanne ne?

Barombi Mbo ne, Alhaji, kusa da Kumba, a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Yana da jinsin sikilid 11 da babu su a ko'ina a duniya, kuma danginsu na kusa shi ne Sarotherodon galilaeus, karfasar da ake kamawa har a Binuwai da tafkin Chadi. A 1994 Ulrich Schliewen da Diethard Tautz da Svante Pääbo suka nuna da maitokondiriya cewa daga shiga ɗaya duka suka fito, suka rarrabu a cikin ruwa ɗaya ba tare da wani shinge ba. A 2015 Christopher Martin da abokansa suka sake dubawa da dubban gurabe na cibiya, suka ga alamar gado ya riƙa shigowa daga kogunan kewaye. Tafkin Bermin ma yana da nasa jinsuna 9 na Coptodon.

Daga wani ɗalibin ilimin ƙasa a Jos: Tunda akwai sikilid a Afirka da Kudancin Amurka da Madagaska da Indiya, ba rabuwar Gondwana, tsohuwar nahiyar da ta haɗa waɗannan wurare a da, ce ta raba su ba?

An daɗe ana ganin haka, ɗan'uwa, don tsarin rassan ya yi kama da tsarin tsagewar nahiyoyin. Shekarun ne suka ƙi. Tsawon reshe adadin sauyi yake nunawa, ba shekaru ba. Kafin ya zama shekaru sai an ɗaure agogon da ƙasusuwan da suka daskare cikin dutse, a manhaja irin BEAST. Ƙashi kuma mafi ƙarancin shekaru yake bayarwa: zuriyar ta kai wannan lokacin, tana iya fin haka. Sikilid mafi tsufa da aka tono su ne Mahengechromis na Tanzaniya, masu shekaru kusan miliyan 46. Afirka da Kudancin Amurka kuwa sun rabu wajen shekaru miliyan 100 da suka wuce. Matt Friedman da abokansa a 2013, da Michael Matschiner da abokansa a 2020, sun ɗaure agogon da ƙasusuwan kifaye iri-iri, sakamakon ya sa rabuwar reshen Afirka da na Amurka bayan buɗewar tekun Atilantika, wajen shekaru miliyan 62 a lissafin 2020. Wannan yana nufin sun ƙetare teku lokacin bai kai faɗin yau ba, kuma akwai karfasa masu jure ruwan gishiri har yau. Kuskuren da za ka kiyaye shi ne ɗaure agogo da shekarun rabuwar nahiyoyi, sannan ka ce sakamakon ya gaskata Gondwana; abin da ka zuba ne ya dawo maka. Haka ma in ka ɗaure agogon da shekarun tafki. In kana gudanar da BEAST, ka duba a manhajar Tracer cewa ESS, lambar da ke nuna ko lissafin ya yi zagaye isasshe, ta haura 200 a kowane ma'auni, kuma ka ba da shekaru da iyakokinsu na sama da ƙasa.

Daga wani jami'in kiwon kifi a Haɗeja: A takardunmu Tilapia zillii muke rubutawa, yanzu ina ganin Coptodon zillii. Wanne ne daidai?

Coptodon zillii, ranka ya daɗe, kifin dai shi ne. A 1983 Ethelwynn Trewavas ta raba karfasa bisa yadda suke renon ƙwai: Oreochromis uwa ke ɗauka a baki, Sarotherodon uba ko su biyun, Tilapia kuma a ƙasa suke zubawa su yi gadi. Da aka gwada DNA, sai aka ga masu zubawa a ƙasan ba tsatso ɗaya ba ne, tsohuwar ɗabi'a ce kawai suka riƙe. A 2013 Andreas Dunz da Ulrich Schliewen suka bar sunan Tilapia ga 'yan jinsuna kaɗan irin Tilapia sparrmanii na kudancin Afirka, zillii da guineensis suka koma Coptodon. In kana neman bayanai a GenBank ko tsofaffin rahotanni, ka nema da sunayen biyu, don da yawa suna nan da tsohon suna.